Na ɓoye foldata amma ƙanin mijina ya san abin da ke ciki

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki sakaya sunana. Laftof ɗaya ce a gidanmu, ta maigida ce amma kowa na taɓawa, ni da shi da ƙaninsa da ke zaune tare da mu, sai yaranmu biyu masu kallon katun. Windows ce a kai kuma duk ta akawun ɗaya muke shiga, fasuwod ɗin ma har ƙaramin yaron ya haddace. A ciki nake ajiye sakamakon asibiti da hotunan takardun makaranta da katin shaida, da wani rubutu da nake yi a Word duk ranar da raina ya ɓaci. Na zuba su a folda ɗaya na sa mata suna irin na kayan kwamfuta na kuma danna Hidden. Shekaranjiya muna hira sai ƙanin nasa ya jefo wata magana wadda ban taɓa faɗa wa kowa ba, a rubutun nan kaɗai take, wallahi tun lokacin ban samu barci ba. Yaya zan sa wa folda fasuwod? Kuma ina tsoron in na kulle maigida ya ɗauka wani abu nake ɓoye masa.

Wa alaikis salam ƙanwata. Bari in fara da wanda ba zai miki daɗi ba, foldar nan tun ranar da kika buɗe ta a buɗe take har yau, kamar kin tura akwati ƙarƙashin gado ne ba kwaɗo a jiki kuma ɗakin kowa na shiga yana fita. Hidden ɗin da kika danna an yi shi ne dan kada mutane su riƙa cin karo da fayilolin da ba ruwansu da su har su goge su bisa kuskure, danna biyu ko uku ne a wajen View mutum ya ce a nuna masa ɓoyayyun abubuwa shikenan komai ya fito fili.

Amma ni ba ma nan nake jin aka bi ba. Kin ce a Word kike rubutun. To duk wanda ya buɗe Word a wannan akawun ɗin, abun da zai fara gani shine jerin takardun da aka buɗe kwanan nan, taki na nan a sama da sunanta, danna ɗaya ta buɗe ko da foldar a ɓoye take. Haka File Explorer ma yake jero abubuwan da aka taɓa na baya-bayan nan. Kinga kenan zai iya yiwuwa yaron nan aikinsa ya zo yi ya ga suna ya danna, ba wai zama yayi yana farautar sirrinki ba. Karantawar da yayi bai kyauta ba, fito da maganar a hira kuwa ya fi muni, amma ki riƙe wannan a ranki kafin ki yanke masa hukunci.

Tambayarki ta farko, Windows ba ta da wajen sa wa folda fasuwod kai tsaye, ko kin kwana kina nema ba zaki gani ba. Shi yasa intanet ta cika da dabaru na bogi, akwai wani ɗan rubutu da ake cewa ki kwafa a Notepad ki adana sai ya ba ki folda mai kulle, dan Allah kar ki ɓata lokacinki, canja wa foldar suna kawai yake ya ɓoye ta, fasuwod ɗin kuma yana nan rubuce ɓaro-ɓaro a cikinsa duk wanda ya buɗe zai karanta. Ƙananan manhajojin kulle folda da ba a san mai su ba ma da yawansu haka suke, wasu har da guzurin talla da bairos, an gudu ba a tsira ba kenan.

Aikin farko shine a raba akawun, kowa da nasa. A shiga Settings sai Accounts sai Other users, in Windows 10 ce Family & other users zaki gani, a ƙara mutum. Zai nemi imel na Microsoft, in baki so akwai inda zaki ce baki da bayanan shigar mutumin, daga nan ya ba ki damar buɗe akawun ba tare da imel ba. Naki ɗaya, na ƙanin ɗaya, na yara ɗaya. Wajen buɗewar zai ce ki zaɓi tambayoyi 3 na tuna fasuwod, irin su garin da aka haife ki ko sunan da ake kiranki da shi kina ƙarama, to nan mutane ke faɗawa rami, dan waɗannan tambayoyin baƙo suke tarewa, wanda kuke gida ɗaya ya san amsar tun kafin ki gama rubutawa. Ki ba da amsar da ba ita ba, wadda ke kaɗai kika san kin sa. Sannan ki saba da danna maɓallin Windows tare da L duk lokacin da zaki tashi ko da minti biyu zaki yi, sikirin zai kulle nan take.

Akwai abu biyu da ake mantawa a nan. Buɗe sabon akawun baya kwaso kayanki, suna can a tsohon sai kin kwashe su da hannunki. Kuma tsaron akawun ɗin a kan foldojinki na ciki yake, su Documents da Pictures da Desktop, in kika ajiye abu a ɓangaren disk na D ko a foldar Public ko a filash ɗin da ke maƙale to yawanci kowane akawun na gani.

Sai maganar admin wadda ita ce gaba da komai. Akawun iri biyu ne, na admin da na gama-gari, admin shine mai gidan kwamfutar, shi ke ɗora manhaja, yana iya canja fasuwod ɗin wani, kuma in ya je foldarki Windows za ta ce masa bashi da izini amma ga Continue nan a ƙasa, yana dannawa ya shige. Akawun ɗin da kuke shiga yanzu kusan tabbas admin ne, wato har yaron da ke kallon katun admin ne a gidanku. Ya kamata a canja masa fasuwod ya zama na maigida shi kaɗai ko ku biyu, ƙanin da yara su koma gama-gari. Hakan zai tare yara da mai shisshigi na yau da kullum amma bai tare admin ba, bai kuma tare wanda ya san kan kwamfuta ya tayar da ita daga filash ko ya zare had disk ya jona a wata ba, a nan fasuwod ɗin shiga Windows ko tambayarsa ba za a yi ba.

Shi yasa abun da ya kai sirri sai an masa kulle na gaske, wanda masu harkar ke kira inkirifshan. Ma'anarsa a dagula abin da ke cikin fayil ɗin ya koma shirme, ko an kwafe shi an kai wani waje ba mai iya karantawa sai mai kalmar sirrin. Hanya uku zan gaya miki, ki ɗauki wadda ta dace da ke.

Rubutun naki na Word shi yafi sauƙi, yau ma zaki iya. Ki buɗe shi ki je File sai Info sai Protect Document sai Encrypt with Password, ki sa kalma ki maimaita ki adana. Tun daga Office na 2007 kullen nan ya zama mai ƙarfi, ba irin na da ba da ake fasawa cikin sauƙi, in dai takardar docx ce kuma kalmar doguwa ce. Sunan takardar dai zai ci gaba da fitowa a jeri, saboda haka ki canja masa suna ya zama marar jan hankali, kuma zaki iya danna dama a kansa ki cire shi daga jerin.

Takardun da ba kullum kike buɗewa ba, su katin shaida da sakamakon asibiti, 7-Zip ya ishe su, kyauta ne kuma ƙarami, ki sauke shi daga shafinsa na ainihi. Ki danna dama a kan foldar ki zaɓi 7-Zip sai Add to archive, in Windows 11 ce sai kin fara danna Show more options kafin ki ganshi. Ki bar tsarin a 7z, ki sa kalmar sirri, zaki ga an rubuta AES-256, sannan ki tabbata kin sa alama a Encrypt file names, in baki sa ba mutum ba zai iya buɗe takardun ba amma zai ga sunayensu, wani lokacin kuma sunan kaɗai ya gama tona asiri, ace an ga sunan gwajin da aka miki ai an gama. Aibinsa ɗaya, duk lokacin da kika buɗe abu daga ciki sai ya ajiye kwafi na wucin gadi a foldar Temp, yakan share in kin rufe amma in kwamfuta ta mutu a tsakiya kwafin na iya zama a can. Kuma ƙara abu da gyara abu kullum a cikinsa akwai gajiya.

Wanda ni nake amfani da shi, kuma shi yafi kusa da abin da kika tambaya, VeraCrypt ne. Shima kyauta ne, ya samo asali daga TrueCrypt wanda masu shi suka daina kula da shi a 2014. Yanda yake aiki, zaki ƙirƙiri fayil ɗaya babba kamar gig 2 ko 5 gwargwadon kayanki, wannan fayil ɗin shine akwatin. Kina zaɓarsa ki danna Mount ki sa kalmar sirri sai ya fito a kwamfuta kamar an jona filash, da harafinsa, ki zuba ki kwashe ki gyara yanda kike so, kina gamawa ki sauke shi, wato ki rufe akwatin, ya koma dunƙulallen fayil da ba a ganin komai a ciki. Wajen ƙirƙirar zai ce ki yi ta yawo da linzami a sikirin, kar ki ɗauka wasa ne, da wannan motsin yake ƙarfafa mabuɗin. Ɗora shi na buƙatar admin, kenan da sanin maigida za a yi, wanda ni a wajena hakan ma yafi. Abun da zan ja miki kunne a kai shine muddin akwatin na buɗe to a buɗe yake ga kowa, in kika tashi baki sauke shi ba wani ya shiga nasa akawun zai iya ganinsa. Ki shiga Preferences ki sa ya riƙa sauke kansa in an kulle sikirin ko in an jima ba a taɓa shi ba.

Za a ce miki ai ga BitLocker, kullen Windows da ke rufe disk gaba ɗaya. Yana da kyau amma ɓarawon waje yake tarewa, in an sace laftof ɗin ba a iya karanta disk ɗin, wanda kuwa yake da akawun a kai yana kunnawa ta buɗe masa. Cikakkensa ma a Windows Pro yake, Home wani ɗan guntunsa take da shi a wasu kwamfutoci. In a kunne yake ku nemi mabuɗin cetonsa mai lamba 48 ku adana, akwai ranarsa.

To kin kulle, saura sawu. Nan ne yawancin mutane ke yin rabin aiki, su kulle kwafi su bar na ainihi a inda yake. Ki fara gwada buɗe wanda kika kulle sau biyu ki tabbata komai ya shiga, sannan ki goge na wajen ki kuma zubar da kwandon shara. Gogewar ma ba ƙonewa bace, musamman a had disk irin na da mai juyawa, bayanan na nan kwance sai an rubuta wani abu a kansu, manhaja irin Recuva na iya tono su, a SSD ne, wato sabon irin disk marar juyawa, abun yafi wuyar dawowa. Windows na da wani umarni da ake bugawa a Command Prompt, cipher /w:C: da ke bi ya shafe filin da aka goge, yana ɗaukar lokaci sosai, sau ɗaya ya isa bayan kin gama kwashewa. Ki leƙa Downloads, na tabbata takardun asibitin nan ta can suka fara sauka kuma har yanzu suna nan. Ki leƙa Pictures da wajen da sikana ke ajiye abu. In OneDrive, wato ma'ajiyar Microsoft ta intanet, na kunne a tsohon akawun to wataƙila ya riga ya kwafe Documents zuwa asusun wanda imel ɗinsa ke kai, sai an duba can ma.

Burauza kuwa ita ce babbar ƙofa. In kin taɓa cewa Chrome ya riƙe miki fasuwod, mai son gani fasuwod ɗin Windows kawai za a tambaye shi, wanda kika ce har ƙaramin ya haddace. Saboda haka imel ɗinki da Facebook da duk abin da kika taɓa shiga a wannan akawun ki ɗauka an gani, ki canja su daga wayarki, ki fita daga su a laftof ɗin, ki goge waɗanda aka adana. WhatsApp ma ki buɗe a waya ki je Linked devices, in kin ga kwamfutar a jeri ki cire ta, mutane da yawa hirarsu ta can ake karantawa suna ta zargin waya. Incognito kuma, wato tagar sirri ta Chrome, irin su tarihin shafuka yake ƙin riƙewa, abun da kika sauke yana nan a Downloads.

Kalmar sirrin kanta, kar ta zama sunan yaro ko ranar haihuwa ko lambar waya, da mutanen gida kike, su ne suka fi kowa sanin waɗannan. Ki haɗa kalmomi 5 ko 6 da basu da alaƙa da juna, tsawo yafi tarkacen alamomi amfani kuma yafi sauƙin riƙewa. Kada ta zama ɗaya da ta shiga Windows, kuma ki lura da mai tsayuwa a bayanki lokacin da kike bugawa, yara sun fi kowa iya wannan. Sai dai ki sani kullen gaske bashi da sani bashi da sabo, in kin manta ba wanda zai buɗe miki, ba kamfanin ba ba mai gyara ba. Ni ya taɓa cina, na kulle wasu tsofaffin hotuna da wata kalma da nake ganin ko a barci aka tashe ni zan faɗa, na yi watanni ban buɗe ba, har yau fayil ɗin na nan yana kallona ina kallonsa. Ki rubuta a takarda ki ajiye nesa da kwamfutar inda kike ajiye abu mai daraja. Kuma akwatin nan fayil ɗaya ne, yaro na iya goge shi ko disk ya lalace komai ya tafi lokaci guda, garin gyaran gira a rasa ido, dan haka ki riƙa kwafarsa a kulle zuwa filash ɗinki lokaci-lokaci. Amfaninsa ma ranar da za a kai laftof wajen gyara hankalinki kwance.

Maganar maigida, ni a ganina ɓoye kullen ne zai jawo zargi, kullen kansa ba zai jawo ba. In ya wayi gari ya ga wani ƙaton fayil da baya buɗuwa ba a gaya masa ba dole ransa ya kawo wani abu. Ki same shi tun kafin ki taɓa komai ki ce Abban yara kwamfutar nan kowa na shiga, takardun asibitina da katin shaida na ciki, naka na aiki ma suna ciki, yara na iya gogewa, ina so mu raba wa kowa wajensa. Gaskiya ce kika faɗa kuma shima ta shafe shi. Da ni ce akwati biyu zan yi, ɗaya na takardun gida wanda shima ya san kalmarsa, dan ranar da ake neman takardar asibitinki da gaggawa ƙila ke ce a kwance. Ɗayan na rubutunki ke kaɗai, ki kuma gaya masa yana nan, wajen da nake sauke damuwata ne in raina ya ɓaci. Mutum ya mallaki inda yake magana da kansa ba cin amana bane. Ke kika san mijinki, in kin san ba zai iya haƙura da ganin abu a kulle ba to rubutun nan ya bar kwamfutarsa gaba ɗaya, ya koma wayarki mai kulle.

Ƙanin kuma ban ga ribar tare shi yanzu ba, zai musa, baki da shaida, maganar ta koma rigimarki da dangin miji, abin da kika rubuta kuma a yi ta maimaita shi a baki. Ranar da ya kunna ya tarar da nasa akawun daban zai gane saƙon. In kin ga maganar da ya karanta mai nauyi ce wadda in ta zaga ta dawo kunnen maigida zata yi ɓarna, gara ya ji daga bakinki tun yanzu.

Abu ɗaya ya rage wanda duk kullen nan baya maganinsa. Mai riƙe da admin na iya ɗora manhajar da ke naɗe duk abin da aka buga a kibod, har da kalmar sirrin taki, kuma tunda kowa admin ne a gidanku tsawon wannan lokacin yana da kyau bayan an raba akawun a duba jerin manhajojin da ke kai a cire wanda ba a san shi ba, a kuma sa Windows Security yayi cikakken bincike kafin ki buga sabuwar kalma. Ban ce ƙanin ya kai nan ba, yawanci abun baya wuce jerin Word ɗin nan. Amma in bayan kin kulle ya sake jefo magana daga abin da kika rubuta sabo, ki daina buga komai a laftof ɗin a ranar, wannan karon maganar ta maigida ce, ki kuma sake rubuto min ki gaya min wa da wa suka san fasuwod ɗin admin.